Fuska ko Yatsa? Tambayoyin da Aka Fi Yi Kan Makullin Waya

Duk wanda ya sayi sabuwar waya, tun bai gama saita ta ba za ta tambaye shi da me yake so ya riƙa buɗe ta. Da yawa sukan danna abin da ya fara zuwa gabansu don su wuce. Alhali kuwa wayar nan ita ce asusun banki, ita ce shago, ita ce ma'ajiyar hotunan iyali da sirrin gida. Ga tambayoyin da suke ta dawowa a bakin masu sayen waya da masu kai gyara.

A taƙaice, wanne ya fi tsaro, fuska ko yatsa?

Amsar tana jikin wayar da ke hannunka. Idan iPhone ce mai Face ID, wato tsarin buɗewa da fuska na kamfanin Apple, fuska makulli ce mai ƙarfi, ka yi amfani da ita hankali kwance. Idan kuwa Android ce, musamman masu sauƙin kuɗi da matsakaita waɗanda suka fi yawa a hannun jama'a, to yatsa ya fi, nesa ba kusa ba. Dalili shi ne da suna ɗaya, wato buɗe waya da fuska, ake kiran abubuwa biyu da ba su da haɗi, kamar yadda amsa ta gaba ta fayyace. Sannan fuskar da yatsan duka a kan lambar sirrinka suke tsaye, kuma wannan shi ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Akwai bayaninsa a tambayar ƙwacen waya.

Me ake nufi da cewa buɗe waya da fuska iri biyu ne?

Iri na farko da kyamarar gaba kawai yake aiki, wadda kake ɗaukar hoton kanka da ita. Ranar da ka yi rajista wayar takan ɗauki kamanninka ta adana, duk lokacin da ka ɗaga ta kuma sai ta sake kallo ta kwatanta. Abin da take gani shimfiɗaɗɗe ne kamar hoto a takarda. Ba ta auna tudun hanci ko zurfin ido, shi ya sa ake iya yi mata wayo, shi ya sa kuma take wahala a cikin duhu.

Iri na biyu yana da nasa kayan aiki daban. Face ID, wanda kamfanin Apple ya fito da shi a iPhone X a shekarar 2017, yana watsa ɗigo-ɗigon haske sama da 30,000 a fuskarka. Hasken irin wanda ido ba ya gani ne, wato infirared. Wata kyamara ta musamman takan karanta yadda ɗigon suka lanƙwasa a kan goshi da kumatu da haɓa, daga nan wayar ta fitar da taswirar fuska mai tudu da kwari. Hoto a takarda ba shi da tudu ba shi da kwari, saboda haka ba ya wucewa. Kayan nan suna da tsada kuma suna cin wuri a saman waya, abin da ya sa wayoyin Android ƙalilan ne suka taɓa ɗaukarsu.

Yaya zan gane irin wanda yake wayata?

Ka karanta gargaɗin da wayar ke nunawa lokacin rajistar fuska. Kamfanoni da yawa sukan rubuta ƙarara cewa wannan hanyar ba ta kai lambar sirri ko yatsa tsaro ba, kuma mai kama da kai ko hotonka zai iya buɗewa. In ka ga haka, magana ta ƙare. Alama ta biyu ita ce manhajar bankinka. Android ta raba makullan jiki, irin su fuska da yatsa, aji uku, kuma aji na uku, mafi ƙarfi, shi ne wanda manhajojin kuɗi suka fi yarda da shi. Idan fuskarka tana buɗe waya amma manhajar banki ba ta nuna maka sai yatsa, to ita kanta wayar ba ta amince wa fuskar da kuɗi ba. Kai ma bai kamata ka amince mata ba.

Akwai 'yan wayoyin da suka kai aji na uku da kyamarar gaba kaɗai, kamar Pixel 8 ta Google da ta fito a 2023, amma ba su ne akasari ba.

Da gaske ne hoton mutum yana iya buɗe wayarsa?

Da gaske ne, kuma ba yau aka fara ba. Tun a 2011 da Android 4.0 ta kawo buɗe waya da fuska a Galaxy Nexus aka nuna cewa hoto yana yaudarar ta. An sake nuna hakan a Galaxy S8 a 2017. A 2023 ƙungiyar kare masu sayen kaya ta Birtaniya mai suna Which? ta gwada wayoyi 48, sai 19 daga ciki suka buɗe da hoton da aka buga a takarda. Yanzu ka tuna hotunanka nawa ne a Facebook da WhatsApp, fuska tar, kowa na iya saukewa.

Face ID ma an taɓa cin galabarsa, amma da wahala. Wani kamfanin tsaro na ƙasar Biyetnam mai suna Bkav ya ƙera fuskar roba ta musamman a ƙarshen 2017 ya nuna tana buɗe iPhone X. Aiki ne mai neman ƙwarewa da kayan aiki da cikakken awon fuskar mutum. Ɓarawon da ya fizge waya a bakin titi ba shi da wannan.

Na'urar karanta yatsa ita ma iri-iri ce?

Iri uku ce. Wadda take bayan waya ko a jikin maɓallin kunnawa da lantarki take aiki: tana bambance layukan fatar da suka taɓa ta da ramukan da ba su taɓa ba. Irinta ce Touch ID da ta zo a iPhone 5s a 2013. Tana da sauri, ba ta da tsada, kuma har yau ita na fi yarda da ita a waya mai sauƙin kuɗi.

Sauran biyun a ƙarƙashin gilashi suke. Ɗaya takan haska yatsa ta ɗauki hotonsa, ita ce kake ganin wuri ya yi haske ƙal idan ka ɗora yatsa da dare. Kamfanin Vivo ne ya fara sayar da waya mai irinta a 2018. Ɗayar kuma amon sauti take aikawa, wanda kunne ba ya ji, ta saurari yadda ya dawo daga layukan fata. Samsung ya sa ta a Galaxy S10 a 2019. Sanin wadda take wayarka zai yi maka amfani a tambayar lalle da ta canjin gilashi.

Ba a iya kwafar zanen yatsa?

Ana iyawa. Kwanaki kaɗan da fitowar iPhone 5s, wata ƙungiyar masana kwamfuta ta Jamus, Chaos Computer Club, ta ɗauki zanen yatsa daga jikin gilashi ta ƙera na roba ta buɗe wayar. Sai dai ana buƙatar zane cikakke mai tsabta, na yatsan da aka yi wa rajista, da lokaci, kuma wayar takan rufe ƙofa bayan kuskure biyar. Ba abu ne da ake yi a tsaitsaye ba.

Apple ya bayar da alƙaluma kan nasa kayan: yiwuwar wani baƙo ya buɗe wayarka da yatsansa ɗaya ce cikin 50,000, da fuskarsa kuma ɗaya cikin 1,000,000. Lissafin nan na Touch ID da Face ID ne kaɗai. Masu talla sukan ari alƙalumman su jingina wa duk wata waya mai buɗewa da fuska, wannan kuwa yaudara ce.

Mu tagwaye ne. Ɗan'uwana zai iya buɗe wayata?

Da fuska, akwai yiwuwar haka, ko da Face ID ne. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, amma na'ura ba kullum take ganewa ba. Apple da kansa ya faɗa cewa lissafin ɗaya cikin miliyan bai hau kan tagwaye ba, da 'yan'uwa masu tsananin kama, da yara 'yan ƙasa da shekara 13 waɗanda kamanninsu bai gama fitowa ba. Yatsa kuwa ya raba gardama, domin ko Hassan da Hussaini zanen yatsunsu ba ɗaya ba ne.

Na yi ƙunshi, wayata ta daina gane yatsana. Mene ne mafita?

Wannan koken ya fi yawa lokacin salla da bukukuwa. Idan na'urarki mai haska yatsa ce a ƙarƙashin gilashi, launi yana damun ta, tunda hoto take ɗauka, kuma lalle mai duhu, musamman baƙi, yana rage bambancin layi da rami. Mai aiki da lantarki da mai amon sauti ba ruwansu da launi, sai dai in lallen ya bar ɓawo ko ya busar da fata. Matsalar ba ta tsaya a waya ba: hukumar JAMB ta taɓa jan kunnen ɗalibai da kada su sa lalle a kan yatsu lokacin rajista, saboda na'urorin tantancewa suna kasa karantawa.

Mafita mai sauƙi ce. Yawancin wayoyi suna karɓar yatsu huɗu ko biyar. Ki yi wa yatsa ɗaya na kowane hannu rajista tun kafin ƙunshin, ki roƙi mai ƙunshi ta bar miki tafin ɗaya. In an riga an yi, ki shiga da lambar sirri ki sake yi wa yatsan rajista yadda yake yanzu, idan lallen ya fita ki goge wannan rajistar. Abin da ba na so ki yi shi ne ki cire makullin gaba ɗaya don gajiya, ko ki koma fuska a wayar da hoto ke iya buɗewa, a daidai lokacin da gida ya cika da baƙi kuma waya tana yawo hannu-hannu.

Me ya sa yatsa yake ƙin aiki da hunturu, ko bayan alwala?

Da hunturu fata takan bushe ta yi kaushi, wani lokaci har da faso, sai layukan su kasa zama sosai a kan na'urar. Ka ɗan huci yatsan, ko ka goga shi a goshi, sau da yawa ya wadatar. Man shafawa yana gyara fata, amma in ya yi yawa shi ma cikas ne. Dabara mai kyau ita ce ka yi wa yatsa ɗaya rajista sau biyu, ɗaya da damina ɗaya da hunturu, in wayarka ta yarda.

Jiƙaƙƙen hannu kuwa ruwa ne ya cike ramukan, ga shi yana rikita awon lantarki. Ka tsane hannu kawai. Na'ura mai amon sauti ta fi jure danshi.

Akwai waɗanda nasu ya wuce na yanayi: manoma, magina masu taɓa siminti, makanikai, mata masu yawan wanki da omo, da tsofaffin da zanen yatsunsu ya sulluɓe. Irin wannan matsala ce ta sa na'urar BVAS da INEC ta yi aiki da ita a zaɓen 2023 take karɓar yatsa ko fuska. Mai irin wannan hannu ya gwada yatsan da ba ya shan aiki, kamar ƙaramin yatsa ko na hannun hagu. In duk sun ƙi, lambar sirri mai alƙaluma shida ta fi masa fuskar kyamara.

Ina sa niƙabi. Fuska za ta yi mini aiki?

A mafi yawan wayoyi ba za ta yi ba, kuma in ta yi, abin tsoro ne, domin alama ce wayar tana gamsuwa da ɗan abin da ta gani. Annobar korona ta sa Apple ya ƙara damar buɗewa da takunkumi a watan Maris na 2022, a iPhone 12 da waɗanda suka biyo baya. Tana dogara ne da idanu da kewayensu, don haka sai sun fito sarai. Niƙabin da ya rufe gira ya bar ɗan tsagi zai ba ta wahala, haka ma amawalin rawani idan an ja shi sama. Ga mai niƙabi yatsa ne zaɓi, ba sai ta ɗaga mayafi a kasuwa don ta tura kuɗi ba. In za ki sayi iPhone, ki sani cewa a Fabrairun 2025 kamfanin ya daina sayar da iPhone SE, wadda ita ce ta rage mai Touch ID a lokacin.

Hijabi, hula, tabarau na magani da tsiron gemu a hankali ba sa hana Face ID, domin yana bin canjin kamanni sannu a hankali. In aka aske gemu mai yawa a rana ɗaya, zai iya neman lambar sirri kafin ya saba.

Na ji an ce waɗannan na'urori ba sa gane baƙar fata sosai.

Maganar tana da tushe. A Disambar 2019 hukumar auna ingancin fasaha ta Amurka, NIST, ta fitar da sakamakon gwajin manhajojin gane fuska 189, ta gano cewa da yawansu sun fi ɗaukar wani a matsayin wani idan fuskokin mutanen Afirka ta Yamma da ta Gabas ne, ko na Gabashin Asiya. Gwajin ba na makullin waya ba ne kai-tsaye, amma ya nuna abin da ke faruwa idan an horar da manhaja da hotunan wasu mutane fiye da wasu. A waya, inda abin ya fi bayyana shi ne ɗaki mai ƙarancin haske, inda kyamarar gaba ke kasa fitar da kamanni. Mai aiki da infirared da haskensa yake zuwa, ko an ɗauke wuta zai yi aiki.

Wani zai iya buɗe wayata ina barci?

A nan yatsa ne yake da rauni. Mai barci mai nauyi ana iya kama yatsansa a ɗora, kuma yara sun fi kowa sanin wannan. Face ID yana neman ido a buɗe yana kallon waya, muddin ba ka kashe wannan sharaɗin a saiti ba. Pixel 4 ta fito a 2019 ba tare da sharaɗin ba, aka yi ta ƙorafi har Google ya ƙara shi a 2020. A Android ka nemi zaɓin da ke cewa sai ido a buɗe, ka kunna. In kana kwana inda ba ka natsu ba, kamar tasha ko ɗakin kwanan ɗalibai, ka yi abin da aka bayyana a tambayar tilastawa kafin ka kwanta.

Ina zanen yatsana da fuskata suke tafiya? Kamfani yana da su?

A wayoyin da aka ƙera bisa ƙa'ida ba sa barin wayar. Ba hoto ake ajiyewa ba, lissafi ne da aka ciro daga zanen, ana kulle shi a wani keɓaɓɓen sashe na ƙwaƙwalwar waya, wanda Apple ke kira Secure Enclave. Manhajar banki ba ta ganin yatsanka. Tambayar waya take yi ko kai ne, waya ta ce e ko a'a.

Kada a haɗa wannan da rajistar BVN ko NIN, inda ake ɗaukar yatsu da fuska a adana a rumbun hukuma. Haka nan idan manhajar bashi ko ta buɗe asusu ta ce ka ɗauki hoton fuskarka kana ƙifta ido, wannan hoton fita yake yi zuwa wurinsu. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan jiki cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman. Duk da haka ka yi tunani kafin ka miƙa, domin lambar sirri in ta fita ana canza ta, fuska kuwa ita ke nan.

Me ya sa wani lokaci waya take ƙin yatsa ta ce sai lambar sirri?

Ba lalacewa ba ce, da gangan aka tsara. Bayan an kashe waya an kunna, bayananta a ɗaure suke, lambar sirri ce kaɗai ke kwance su. IPhone takan nemi lambar in ta yi awa 48 ba a buɗe ta ba, ko bayan kuskure biyar. Android takan nema bayan awa 72.

In aka ƙwace mini waya, wanne ne zai fi kare kuɗina?

Ƙwacen waya ya addabi birane irin su Kano da Kaduna, kuma ɓarawo ba ya ɓata lokacinsa kan fuska ko yatsa. Lambar sirri yake nema. Ko dai ya leƙa lokacin da kake dannawa a cikin adaidaita sahu, ko ya tsare ka da makami ya ce ka faɗa. Da lambar zai iya goge yatsanka ya sa nasa. Babban amfanin makullin jiki ke nan a wurina: yana rage yawan danna lamba a bainar jama'a. Ita lambar kuma ta zama alƙaluma shida aƙalla. Huɗu haɗi 10,000 ne kawai, shida kuwa 1,000,000. Ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka, kuma kada ta zama ɗaya da ta banki. Zanen da ake ja da yatsa ya fi sauƙin hardacewa daga nesa, har sawunsa yakan zauna a gilashi.

Sai kuma layin waya. Ɓarawo yana iya zare shi ya sa a wata wayar, ya karɓi saƙonnin banki, ya gwada tura kuɗi ta gajerun lambobin nan masu tauraro. Fuskarka da yatsanka ba su da ta cewa a nan. Ka sa wa layin tasa lambar sirrin, ka kuma rubuta hanyar rufe asusunka a takarda ka ajiye a gida. Masu iPhone su kunna Stolen Device Protection, wanda ya zo a Janairun 2024: in wayar ba ta wurin da ta saba, sauya muhimman abubuwa sai da fuska ko yatsa, wasu ma sai an jira awa ɗaya. Amma in an zare maka wuƙa, ka bayar da wayar, ka je ka rufe layi da asusu.

Idan ina tsoron a tilasta mini ɗora yatsa ko kallon waya fa?

Kana iya kashe makullin jiki cikin daƙiƙa biyu. A iPhone ka danne maɓallin gefe tare da ɗaya daga na ƙara har allon kashewa ya fito, daga nan ba ta buɗewa sai da lamba. Android tun daga siga ta 9 tana da zaɓin da ke yin haka, mai suna Lockdown, a jerin maɓallin kashewa, a wasu wayoyin sai ka fara kunna shi a saiti. In babu, kashe wayar gaba ɗaya yana yin aikin.

Na canza gilashin wayata, yatsa ya daina aiki. Laifin wa?

Sau da yawa laifin gilashin ne. Na'ura mai haska yatsa tana buƙatar allo irin na OLED wanda haske ke ratsawa. In aka musanya shi da mai araha na LCD, ta mutu ke nan, ko da lafiyarta ƙalau. Ko da allo mai kyau ne, wasu wayoyin sai an sake daidaita na'urar bayan gyara. Ka tambayi mai gyara tun kafin ya kwance. A iPhone kuma maɓallin Touch ID da kayan Face ID an ɗaure su da ƙwaƙwalwar wayarsu ta asali, in suka tsinke ba a ɗauko na wata wayar a liƙa haka kawai. Mai sayen waya ta hannu ya yi rajistar yatsa da fuska a gaban mai sayarwa kafin ya biya.

Ledar kariya ma tana da tasiri. A 2019 an gano cewa wata irin leda tana sa Galaxy S10 ta buɗe da yatsan da ba a yi wa rajista ba, sai da Samsung ya aiko da gyara. Duk lokacin da ka liƙa sabon gilashin kariya, ka goge yatsun da ke ciki ka sake rajista, sannan ka ba wani ya gwada nasa.

Mahaifinmu ya rasu, wayarsa da yatsa take buɗewa. Yaya za mu yi?

Allah ya jiƙansa. Kamar yadda aka faɗa a tambayar neman lambar sirri, bayan kwana biyu ko uku, ko da zarar caji ya ƙare wayar ta mutu, lamba kaɗai za ta karɓa. In babu wanda ya san ta, kada ku yi ta gwaje-gwaje, domin wasu wayoyin an saita su su goge komai bayan kuskure goma. Kada kuma ku yarda a yi mata filashin, wannan share ta ne baki ɗaya, da hotuna da lissafin bashi da duk abin da magada za su nema. Kuɗin da ke banki ba ta waya ake bin su ba, ta banki ake bi da takardar shaidar rasuwa da takardun gado.

Ga waɗanda iyayensu ke raye, Apple yana da Legacy Contact tun ƙarshen 2021, Google kuma yana da Inactive Account Manager, dukansu hanyoyi ne na ambata wanda zai karɓi bayanan asusu bayan rai ya yi halinsa. Dattijon da ba zai iya wannan ba, a rubuta lambar wayarsa a takarda, a sa a ambulan tare da takardun gida da na gona, a gaya wa mutum ɗaya amintacce inda take.